Banjon da Ke Jin Yunwa

Da gudu Zeya ya faɗo shagon shayin yayarsa, rungume da wani abu naɗe a tsohon zane. Saura kaɗan ya kifar da wani dattijo daga kan 'yar kujerarsa.

"Yaya! Kwashe kofunan nan. Kwashe, kwashe, teburin nake so!"

Yayar tasa, Ma Thuza, ba ta ko ɗago daga kan tukunyar mohinga ba, romon kifi da taliya da take sayarwa. "Yau kuma me aka tsinto mana? Injin kwalekwale ne, ko wani mataccen agogon?"

"Ke dai zo ki gani da idonki."

Ya kwantar da ƙunshin a hankali kamar mai ajiye jinjiri, ya warware. Warin tsohuwar akwati ya tashi. Banjo ne, irin mai gajeren wuya kamar na molon nan mandolin, jikinsa zagaye kamar ƙaramar ganga, da murfin katako a baya. Fatar ta tsage tun daga tsakiya har baki. Cikin tsirkiya takwas saura uku, su ma tsatsa ta ci rabinsu. Wuyan ya saki yana lilo. Jakin da tsirkiyoyin ke hawa kuwa babu shi babu alamarsa.

Masu shan shayi suka miƙo wuya. Wani direban a-kori-kura ya ce, "Maung Zeya, wannan ai gawa ce. Nemo itace mu taya ka ƙonawa."

"Na U Lu Nyo ne," in ji Zeya.

Ma Thuza ta ajiye ludayi ta matso.

Duk wanda ya girma a wannan gefen na garin Pakokku ya san Daw Ngwe Yi da mijinta U Lu Nyo, ita tana waƙa, shi yana zaune a bayanta da wannan banjon. Tun da ya rasu, shekara goma sha ɗaya ke nan, ba wanda ya sake jin muryarta sai in tana ciniki a kasuwa. Zeya sau ɗaya tak ya taɓa ganinsu, daga kan reshen tsamiya, amma sau ɗayan nan ya ishe shi. Tun daga ranar duk wanda ke da mandolin a garin ya san Zeya, don sai ya are ta ya hana unguwa sakat.

"Dattawan gidan ibada sun je sun roƙe ta ta yi waƙa ranar ciyar da sufaye," in ji shi, maganar na tuntuɓe a bakinsa. "Ta ce ita ba ta waƙa sai da wannan a bayanta. Ina wurin, na kai mata gawayi. Na ce zan gyara. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce duk wanda ya dawo masa da muryarsa, shi zai zauna a bayanta ya kaɗa. Ni ke nan, Yaya! Ni, a gaban duk garin nan!"

"In bai gyaru ba fa?"

"Sai su kunna kaset a lasifika, kamar bara."

Ma Thuza ta ƙirga da yatsu. "Saura kwana tara. To bari in tuna maka. Makaranta, aji bakwai ka gudo. Gyaran keke, wata biyar. Kwalekwale, wata biyu, ka ce kogin ya cika tsawo. Agogon Baba har yau yana cikin kwano gunduwa-gunduwa. Keken Kawu Tok yana bayan shago da ƙafa ɗaya tun kafin damina."

"Wannan daban ne."

"Haka ka ce ranar agogon."

Aka kwashe da dariya. Kunnuwan Zeya suka yi zafi. Ya naɗe kayansa ya yi bayan shago, inda rumfar kwano take, bai ko tsaya shan shayin da ta zuba masa ba.

Ranar bai ci abincin rana ba. Ya cire murfin baya, ya kwance ƙugiyoyin da ke danne zoben ƙarfe a kan fata. Ramukansu ashirin ne, amma goma sha huɗu kawai ya samu, ya zuba su cikin gwangwanin kalanzir su jiƙa. Maɗauran tsirkiya sun cije, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da man keken ɗinki da tsohon burushin haƙori, har suka fara juyawa suna ƙyalli. Kowanne ya juya sai Zeya ya yi ihu, Ma Thuza ta leƙo ta ce in ya kore mata mutane shi zai shanye shayin.

Da ya ɗaga tsohuwar fatar ya juya cikinta, sai ya ga wani baƙin dunƙule manne da ita, busasshe, faɗinsa bai wuce babban yatsa ba.

"Ji min zanzaro," ya ce. "Har ya samu gidan haya kyauta."

Ya sa wuƙa ya ɓamɓare shi, ya harba shi cikin kwata. Fatar kuma ya wurga ta kan tarin kwandunan gawayi.

Washegari da sassafe yana ƙofar U Tok mai haɗa ganguna. Tsohon yana zaune a tsakiyar fatu da gumakan katako, kumatu cike da ganyen taunawa, leɓɓa jajaye.

"Kawu, fatar akuya nake so. Marar kauri, marar tabo."

"Ina kekena?"

"Yana nan tafe, Kawu."

"Da ƙafa ɗaya? Ashe zai daɗe a hanya." U Tok ya tofar da jan yawu a gwangwani, ya jawo fatu uku, ya ɗaga kowace yana kallon hasken rana ta cikinta. Ya zaɓi ɗaya ya cilla masa. "Ka jiƙa ta har ta yi laushi kamar kunnen ɗan maraƙi. Ka ɗaura ta da ɗanyenta, kada ka ja ta da ƙarfi. Sannan ka bar ta kwana uku a inuwa. Ban ce rana ba, ban ce wuta ba. Kwana uku."

"Biyu ba za su yi ba?"

"Ga ta nan. Kai da ba ka iya gama kofin shayi a zaune. Kwana uku na ce, in ba haka ba kada ka dawo min nan da kuka."

Ƙugiyoyi shida da suka ɓata su ne suka so su tsayar da shi. Ya zaga kasuwa kaf, ba wanda ya taɓa ganin irinsu. Yana dawowa rai a ɓace idonsa ya faɗa kan ƙafar keken U Tok da ke jingine da katanga. Ya tsuguna. Wayoyin ƙafar keke, ga zare a bakinsu, ga ɗan noti a kan kowace. Ya yi tsalle har kansa ya bugi rumfa. Ya zare shida, ya yanke su daidai tsawo, ya lanƙwasa kawunansu da filaya. Suka zauna ɗas, kamar tare aka ƙero su da banjon.

Ya ɗaura fatar da ɗanyenta, ya ɗora zoben ƙarfe, ya fara matse notuna. Hannunsa ne ya tuna abin da shi ya manta: ƙafar keke ba a ɗaure ta gefe ɗaya. Ka juya wannan kaɗan, ka tsallaka ka juya na gabansa, ka yi ta zagayawa har komai ya zo daidai. Ya leƙa cikin shago ya ce, "Yaya, wata biyar ɗin nan da kike min gori a kansu, yau sun yi rana."

"Sai na ji da kunnena," in ji ta.

Sai jira. Kwana ukun nan sun fi masa shekarar aji bakwai tsawo. Damina na ƙarewa amma iska cike take da laima, fatar ta ƙi bushewa. Bini-bini ya je ya ƙwanƙwasa ta da farce, ta amsa masa da wata murya kamar jiƙaƙƙen kwali. A rana ta biyu ya ɗauke ta ya nufi murhun shayi. Ya tsaya, yana jin ɗumin garwashi a bayan hannunsa. Minti goma kawai, wa zai sani? Ma Thuza tana yanka albasa, ba ta ma dube shi ba, kuma hakan ya fi gorin zafi. Ya juya ya mayar da ita inuwa.

Don kada ya haukace, sai ya kama sauran aikin. Ya fere siririn ɓallin gora ya cusa a gindin wuyan, ya ɗaure, wuyan ya daina lilo ya ɗan kwanta baya yadda ya kamata. Ya goge 'yan ƙarafan da ke jere a wuyan, ya buga biyu da suka ɗago. Ya sassaƙa jaki da guntun katakon wata tsohuwar taga, ya ɗora masa ƙashin ɓauna a sama, ya tsaga gurabe takwas, biyu-biyu. Na farko ya yi tsayi. Na biyu ya karye a hannunsa. Na uku ya tsaya da ƙafafunsa.

A rana ta huɗu da hantsi ya ƙwanƙwasa fatar ta ce tau! Ya ƙara matse notuna zagaye biyu. Ya sa sababbin tsirkiyoyi. Ya ɗauko zaren ɗinkin yayarsa ya auna daga kan wuya zuwa ƙarfe na goma sha biyu, ya maimaita tsawon a kan fata, ya tsayar da jakin a nan. Ya danna, ya saurara, ya tura jakin baya da kaurin ƙwayar shinkafa. Ya sake saurara. Sannan ya ja numfashi ya kaɗa duka takwas.

Kaji suka watse. Karen maƙwabta ya hau haushi. Direban a-kori-kura ya fito da kofi a hannu yana cewa, "Kai! Gawa ta tashi!"

Zeya ya bi tsakiyar shagon yana kaɗawa yana rawa, zanensa na neman kwancewa. Banjon yana da ƙara, ƙarar da za a ji daga bakin kogi. Ma Thuza ta toshe kunne ɗaya, amma ya ga tana murmushi. Kwana biyu ya yi yana ƙara ɗaure tsirkiyoyi har suka daina saki, yana bitar duk waƙoƙin Daw Ngwe Yi da ya sani.

Saura kwana biyu biki ya sa farar riga ya tafi gidanta. Ya tarar da ita a baranda tana tsince shinkafa a faifai, 'yar ƙaramar tsohuwa, kumatu shafe da farar kwalliyar itacen thanaka, fure a ɗaurin gashi. Ya tuɓe takalmi, ya zauna ƙasa da ita.

"Kaka, na kawo shi."

Ta daɗe tana kallon banjon. Ta shafa wuyan, inda yatsun mijinta suka cinye fenti. "To, mu ji."

Ya kaɗa. Bai yi kuskure ko ɗaya ba, shi kansa ya sani. Yana kaɗawa yana satar kallon bakinta, yana jiran ya buɗe. Bakin bai buɗe ba. Ta ci gaba da tsince shinkafa. Da ya tsaya sai ta ce, "Ka iya, Maung Zeya. Hannunka yana da kyau. Amma wannan ba shi ba ne."

"Shi ne, Kaka! Fata kawai na canza, da jaki, da..."

"Wannan kwanon wanki ne ake bugawa. Kowace tsirkiya ka taɓa sai ta bar wutsiya tana ƙiii a kunnena. Ta ina muryata za ta shiga? Nasa yakan yi magana ya yi shiru, ya bar min wuri."

Zeya ya kara kunne a jikin banjon. Ya kaɗa tsirkiya ɗaya, ya saurara. Ga wutsiyar nan kuwa, siririya mai kaifi, tana bin kowane sauti. Kwana biyu yana murna da ita, yana ce mata ƙarfi.

Tsohuwar ta karkata kai. "Ka ba shi abinci kuwa?"

"Abinci?"

"Shi bai taɓa fita da shi wasa ba sai ya ba shi abinci. Da safe zai zo ya ɗebi shinkafa da zafinta daga tukunyata, ya ɗauki banjon ya zaga bayan ɗaki. In na tambaya ya ce, ke dai yi ta kanki, yunwa yake ji. Shekara talatin bai bari na gani ba." Ta mayar da ido kan faifai. "Jibi ne. In bai dawo da muryarsa ba, ka ce musu su kunna kaset ɗinsu."

Ma Thuza ce ta fassara masa maganar, ba tare da wani kokwanto ba. "Ai a fili take. Akwai mai shi a ciki. Wane makaɗi ne ke fara wasa bai ajiye wa iskoki tire ba? Kai ka kama ka farke masa ɗaki, ka jefar masa da kaya, ko sannu ba ka ce ba."

Nan da nan aka haɗa tire: kwakwa ɗanya mai wutsiya a tsakiya, nonon ayaba biyu a gefe, ganyen shayi da aka tsuma, da ɗan kwano cike da shinkafa mai tururi. Zeya ya jingina banjon a kan tebur mafi tsafta, ya ajiye tiren a gabansa, ya haɗa hannu ya sunkuya ya ba da haƙuri. Masu shan shayi suka yi ta ba da shawara. Wani ya ce a ƙara sigari. Direban ya ce shi a saninsa iskokin makaɗa ba sa jin magana sai da giyar dabino, kuma in an sayo shi zai ɗanɗana musu.

Aka jira shinkafar ta huce. Zeya ya ɗauka ya kaɗa.

Ƙiii.

"Wataƙila bai ƙoshi ba," in ji direban.

Zeya bai yi dariya ba. Ya sassauta fatar, sautin ya zama na jiƙaƙƙen kwali, wutsiyar tana nan. Ya mayar. Ya canza jaki. Ya cusa tsumma a ciki, banjon ya shaƙe kamar mai mura. Da la'asar ya naɗe shi a zanensa ya tura ƙarƙashin gado, kusa da kwanon da agogon Baba yake ciki. Ya daɗe yana kallon su biyun. Sai ya sake jawo banjon ya ajiye shi a kan gado.

Da gari ya waye, saura kwana ɗaya, ya saɓa shi ya nufi gidan U Tok. Ya riga ya shirya abin da zai faɗa: fatar ce ba ta da kyau, ta cika siranta, a ba shi wata. Ya san ko an ba shi babu kwana ukun da za ta bushe, amma yana buƙatar wanda zai ɗora wa laifi.

Ya tarar da tsohon zaune a tsakiyar da'irar gangunansa, su ashirin da ɗaya, yana shirya su don bikin gobe. A gabansa ga katako, yana murza wani abu mai toka-toka da tafin hannu kamar mai kwaɓa ƙulli.

"Kawu, fatar nan da ka ba ni..."

"Dakata." U Tok ya gutsuro kaɗan ya manna a tsakiyar wata ganga, ya buga, ya saurara, ya ƙara ɗan mitsitsi. "Ba ka ga ina ba su abinci ba? Bari su ƙoshi tukuna."

Zeya ya ƙura wa abin da ke kan katakon ido.

Ya san wannan abin. Kowa ya san shi. Tun yana rarrafe yake ganin makaɗa suna kwaɓa dafaffiyar shinkafa da tokar tsamiya suna manna wa ganguna, kuma sunansa ke nan, abincin ganga. Amma na ganga ne. Wa ya taɓa jin an ba abin tsirkiya? Ya dubi banjon da ke hannunsa. Wuyan mandolin. Jikin ganga. Shinkafa da zafinta. Baƙin dunƙule a cikin fata.

"Zanzaro!" ya ƙwala ihu.

U Tok ya kare kai da hannu. "Ina? Ina yake?"

"Ba zanzaro ba ne, Kawu! Ba gidan zanzaro ba ne! Riƙe min, riƙe, kada ka motsa!"

Ya dangwara masa banjon a cinya ya fita a guje, takalmi ɗaya ya tsaya a ƙofa bai koma ba. Ya faɗa bayan shago ya birkice kwandunan gawayi. Babu fata.

"Yaya! Tsohuwar fatar! Ina take?"

"Wace... au, wannan? Na ninke ta na sa a ƙarƙashin ƙafar teburin can mai rawa."

Mutum uku ne ke karyawa a teburin. Zeya ya ce su ɗaga kwanukansu, kafin su gama fahimta ya cicciɓi teburin ya zaro fatar, ya bar su riƙe da mohinga a sama suna zaginsa. Ya warware ta a rana. Ga shi nan: baƙin tabo zagaye, ba a tsakiya ba, can ƙasa kaɗan, tsakanin sawun ƙafafun jaki da inda ake ɗaure tsirkiya. Tabo a kan tabo, shekara talatin a wuri ɗaya.

A guje ya koma da ita gidan mai ganguna. U Tok ya karɓi fatar ya shinshina tabon, ya lasa yatsa ya goga. Sai ya fara dariya, har ganyen taunawa ya sarƙe shi.

"Lu Nyo! Ɓarawon banza! Tare muka yi koyon ganga da shi wurin malami ɗaya, aka kore shi saboda barci. Ashe bai tafi hannu sake ba. Shekara talatin masu banjo na birnin Mandalay suna zuwa suna leƙa jakinsa, suna auna tsirkiyarsa, shi kuwa ya rufe abinsa da murfi yana musu murmushi." Ya share hawaye. Idonsa ya sauka kan ƙugiyoyin. Ya matso da banjon kusa da hanci. "Maung Zeya. Waɗannan guda shidan, a ina na san su?"

"Kawu, abincin tukuna. Don girmanka."

Zeya ya cire murfin baya. Ya ɗora tsohuwar fatar a kan sabuwar ya gane wurin, ya gutsuro ƙullin da ɗuminsa ya manna ta ciki. Ya juya ya kaɗa. Dum. Kamar an buga matashin kai.

"Ka ɗura masa kamar agwagwar kasuwa," in ji U Tok. "Rage. Ba da wuƙa ba, da yatsa. Ka baje bakinsa ya yi siriri, tsakiyar ta fi kauri."

Ya rage. Ya kaɗa. Ya rage. Wutsiyar ta leƙo. Ya mayar da ɗan mitsitsi, bai kai ƙwayar wake ba. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, kuma a karo na farko a rayuwarsa bai ji yana son ya tashi ya je wani wuri ba. Sau goma sha ɗaya ya taɓa ƙullin nan. A na goma sha biyu ya kaɗa, sautin ya fito a dunƙule, mai zaƙi, ya faɗi abin da zai faɗa ya tsaya cak. Bayansa shiru, wanda mutum zai iya shiga ya zauna.

Gashin jikin Zeya ya tashi. Ya ji ƙamshin reshen tsamiyar da ya hau yana ɗan shekara goma.

U Tok ya daina tauna. "Tafi," ya ce a hankali. "Tafi kafin ya huce. Zancen keke yana nan yana jiranka."

Daw Ngwe Yi tana shanya zannuwa a igiya, ta ba ƙofa baya. Zeya bai yi gaisuwa ba, bai tuɓe takalmi ba, ɗaya ne ma a ƙafarsa. Ya zauna a kan matakala yana haki, ya fara waƙar da ake buɗe wasa da ita.

Hannunta ya tsaya a kan igiya. Jiƙaƙƙen zanen ya zame ya faɗi ƙasa, ba ta duba ba. Ya kai ƙarshen layin farko, inda banjo ke yin shiru, ya ɗaga hannu.

Muryar ta shigo. Da farko a dishe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, sannan ta washe ta hau. Matar da ke daka a maƙwabta ta tsayar da taɓarya. Mai sayar da soyayyen wake ya sauke tirensa a bakin shinge. Zeya ya kusa mantawa da nasa wurin, ya faɗo a makare da rabin bugu, tsohuwar ta juyo ta harare shi ba tare da ta yanke waƙar ba, ya kama.

Da suka kai ƙarshe ta tsaya tana numfashi, ta goge ido da gefen hannu, thanaka ya ɓata.

"Me ya ci?" ta tambaya.

"Shinkafa da tokar tsamiya, Kaka. Abincin ganga. A ciki yake manna masa."

"Toka!" Ta riƙe haɓa. "Shi ya sa kullum murhuna a share. Ni ina ta yabonsa wurin mata, ina cewa mijina mai taimako ne." Ta yi dariya, ta sake goge ido. Sai ta ɗaure fuska. "Ka makara a layi na biyu."

"Na sani, Kaka."

"Gobe in ka makara a gaban sufaye, da wannan banjon zan rotsa maka kai. Ka zo kafin rana ta fito. A bayana za ka zauna, ta hagu, nan yake zama. Kada ka ɗauko shinkafar yayarka, tana cika ruwa. Daga tukunyata za ka ɗiba." Ta dubi ƙafafunsa. "Kuma ka nemo ɗaya takalmin. Yanzu sake daga farko."

Zeya ya gyara zama, ya share tafin hannu a zane, ya ɗora yatsu a inda na U Lu Nyo suka cinye fenti.